Kakar besbol ta 1908 a cikin kwamfuta: abin da na'ura ke kamawa da abin da ke kuɓuce mata

A ƙarshen kakar wasan besbol ta 1908 a Amurka, ƙungiyar Cubs ta Shikago ta ɗauki kambin rukunin National da nasara 99 da faɗuwa 55. Giants ta Niyok da Pirates ta Pittsburgh suna bayanta da wasa ɗaya tak, kowacce da 98 da 56. A rukunin American tazarar ta fi haka ƙanƙanta: Tigers ta Detroit 90 da 63, Cleveland 90 da 64, White Sox ta Shikago 88 da 64. Ƙungiyoyi shida cikin sha shida ne suka shiga makon ƙarshe kowacce tana sa rai da kambi. Shi ya sa masu sha'awar sake buga tsofaffin shekarun wasa, ko da kati a kan tebur ko a kwamfuta, ba sa gajiya da komawa wannan shekara. Mutum zai zuba alƙaluman gaskiya, ya bi jadawalin gaskiya, amma sai ya ga Giants ta ɗauki kambin, ko Cleveland ta yi wa Detroit fintinkau. Sai ya ce na'urar ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, abin da yake jira daga gare ta ne ba aikinta ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba: ƙungiyoyi biyu ne, kowacce da mutum tara a fili. Majefi yana jefo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dokanta da sanda, ya ruga ya taka zango uku ya dawo gida. Dawowa gida shi ne maki ɗaya. Idan an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Abin da ya sa wasan ya fi ƙwallon ƙafa sauƙin kwaikwayo shi ne a yanke yake gunduwa-gunduwa: majefi ɗaya, mai bugu ɗaya, sakamako ɗaya cikin 'yan kaɗan. Zango uku, kowanne ko da mutum ko babu, ya ba da yanayi takwas. A ninka da uku, wato ba a fitar da kowa ba, an fitar da ɗaya, an fitar da biyu, sai a sami yanayi 24. Duk wasan tafiya ce daga ɗayan waɗannan zuwa wani, sau saba'in da 'yan kai a kowane wasa.

Yadda ake ɗinka karon mai bugu da majefi

Tun kafin kwamfuta ake yin wannan da kati. APBA, wanda Dick Seitz ya fitar kasuwa a 1951, yana amfani da ƙwayar ludo biyu masu launi daban, ana karanta su daga 11 zuwa 66, wato sakamako 36, a duba katin mai bugu. Strat-O-Matic na Hal Richman, wanda ya fito a 1961, ya ƙara ƙwaya ta uku: idan ta nuna 1 zuwa 3 a duba katin mai bugu, idan 4 zuwa 6 a duba na majefi. Manhajoji irin su Diamond Mind Baseball da Out of the Park Baseball abu ɗaya suke yi, sai dai ƙwayar tasu tana da fuska dubbai.

Ainihin aikin yana cikin haɗa alƙaluman mutum biyu su zama yiwuwa ɗaya. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Bill James ya yaɗa, kuma lissafinta bai wuce na aji uku a sakandare ba. A ɗauki Honus Wagner na Pirates. A 1908 ya yi bugu mai kyau, wato wanda ya kai shi zango lafiya, sau 201 cikin zuwa bugu 568, wato .354, ko a ce 354 cikin dubu. Matsakaicin rukunin a shekarar .239 ne. A ce ya haɗu da majefin da masu bugu ke samun .200 kacal a hannunsa. Sai a ninka .354 da .200, a raba da .239, ya ba da .296. Sa'an nan a yi haka da ɓangaren rashin nasara: .646 sau .800, a raba da .761, ya ba da .679. A raba .296 da jimillar biyun, wato .975, sai a sami .304. Wannan ce yiwuwar Wagner ya ci wannan karo. Haka ake yi wa kowane irin sakamako: tafiya kyauta zuwa zangon farko, fitarwa da jifa uku, bugun zango biyu, na uku, da bugun da ke kai mutum gida kai tsaye, wanda ake kira homron.

Kuskuren farko da ake yi a nan shi ne barin matsakaicin zamanin yau a wurin .239. Lissafin zai karkace, domin da matsakaicin shekararsa ake auna Wagner, wanda ya zarce shi da 115 cikin dubu. Lambar da ke ƙarƙashin lissafin ita ce ke gaya wa na'ura wace shekara take ciki.

Ramukan da ke cikin littafin

Alƙaluman ana samun su daga Retrosheet, ƙungiyar 'yan sa-kai da David Smith ya kafa a 1989, da rumbun bayanai na Sean Lahman, da Baseball-Reference. Amma wanda ya ɗauka cewa 1908 tana da cikakken littafi irin na bara zai sha mamaki. An rubuta sau nawa mutum ya yi nasarar satar zango, wato rugawa zango na gaba ba tare da jiran bugu ba, ba a rubuta sau nawa aka kama shi ba. Rukunin National bai fara lissafa sau nawa aka fitar da kowane mai bugu da jifa uku ba sai 1910, American kuma sai 1913. Raba makin da ke wuyan majefi da wanda kuskuren masu tsaron fili ya jawo bai zama doka ba sai 1912 a National da 1913 a American. Saboda haka lambobin da ake gani yau, na makin da ke wuyan majefi a kowane zagaye tara, irin 1.43 na Christy Mathewson na Giants ko 1.16 na Addie Joss na Cleveland, masu bincike ne suka sake gina su daga baya. Akwai kuma wani tarko na musamman ga wannan shekara: a 1908 aka fara daina lissafa wa mai bugu laifi idan ya ɗaga ƙwallo aka cafe amma abokinsa ya shigo gida, sai dai an zuba wannan a rumbu ɗaya da bugun sadaukarwa na ɗan taɓi, wato taɓa ƙwallo a hankali don abokin wasa ya matsa gaba ko da an fitar da mai bugun. Wanda ya ɗauki jimillar duka a matsayin ɗan taɓi, zai sa na'urarsa ta riƙa ɗan taɓi fiye da kima.

Ramin kamun masu sata ya fi kowanne illa. Idan aka bar gurbin babu komai, wasu manhajoji sukan ɗauka ba a taɓa kama mutumin ba, sai ya zama iska, ya saci zango duk lokacin da ya ga dama. A shekarun da suka biyo baya waɗanda aka sami rubutun kamu, an ga cewa ana kama masu sata sosai, fiye da yadda kocin yau zai lamunta. Abin da ya dace shi ne a aro ƙimar kamu daga waɗannan shekaru na kusa, a ɗora wa kowa, sa'an nan a ɗan sassauta wa fitattun masu gudu.

Zamanin mataccen ƙwallo

Sunan da ake kiran shekarun ke nan, kuma ba zuƙi ba ne. Ƙwallo ɗaya ake bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi, majefa suna shafa mata yawu da ruwan taba, kuma doka ba ta hana ba sai 1920. Ƙwallo mai toshiyar kwalaba a tsakiya, wadda ta fi tashi, ba ta zama ta yau da kullum ba sai 1911. A 1908, idan aka haɗa ƙungiyoyin duka, matsakaicin makin ƙungiya a wasa bai kai uku da rabi ba. Tim Jordan na Brooklyn ne ya fi kowa homron a National da 12, Sam Crawford na Detroit ya fi kowa a American da 7. White Sox gaba ɗayanta, a kaka guda, homron uku ta yi, kuma saura wasa ɗaya ta ci kambi.

Wannan yana nufin dole a sake wa kocin cikin na'ura tunani. Kocin da aka gina da dabarun yau zai jira babban bugu, ba zai sadaukar da mutum don matsar da wani gaba ba, kuma zai cire majefi da zarar ya yi jifa ɗari. A 1908 kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka fara jifa su ne suka ƙarasa wasan da kansu. Ed Walsh na White Sox ya shiga wasa 66, ya jefa zagaye 464, ya ci 40 ya faɗi 15. A ranar 29 ga Satumba ya jefa wasa biyu a yini ɗaya da Boston ya cinye duka. Kwana uku kafin nan Ed Reulbach na Cubs ya yi irin haka da Brooklyn, bai bari an ci ko maki ɗaya ba a wasannin biyu. Fitattun majefan yau da ƙyar suke haye zagaye 200. Idan ba a taɓa ma'aunin gajiya ba, na'ura za ta tsayar da Walsh a rabin aikinsa, ta miƙa sauran ga mutanen da a zahiri ba su cika taɓa ƙwallo ba, White Sox ta faɗo tsakiyar tebur. Wanda ya ga haka kada ya zargi sa'a, saitinsa ne.

Haka batun tsaron fili. Safar hannu ta lokacin ƙarama ce, fili kuma ba sumul ba, saboda haka kuskure ya kai kusan ninki uku na yau, kuma kusan maki uku cikin goma ta wannan ƙofa suke shigowa. Na'urar da ke amfani da ƙimar kuskure ta yau za ta fitar da kaka mai ƙarancin maki fiye da 1908 kanta, duk da cewa shekarar ce ta fi bushewa a zamanin. Filayen ma suna da nasu: da yawa daga homron na lokacin ƙwallon ba ta haye katanga ba, gudu mutum ya yi ya zagayo kafin a dawo da ita. A ranakun cikar jama'a kuma akan bar 'yan kallo su tsaya a bayan igiya a cikin filin, ƙwallon da ta faɗa cikinsu a ba mai bugu zango bisa yarjejeniyar ranar.

Sai jadawali. Ƙungiya takwas a kowane rukuni, kowacce ta kara da sauran bakwai sau 22, jimilla 154. Amma jadawali biyu ne: wanda aka tsara da wanda aka buga. Babu fitila a filaye, wasan dare na farko a manyan rukunonin sai 1935 a Cincinnati, don haka idan duhu ya yi ana kunnen doki sai a tashi, a sake bugawa wata rana. Ruwan sama yana tara wasanni biyu-biyu a Satumba, a Niyok da Boston da jihar Pennsylvania kuma ba a wasa ranar Lahadi. Mai son kusantar tarihi sai ya ɗauki jadawalin da aka buga, da majefin da ya fara kowane wasa, da jerin 'yan wasan ranar. Mai son sanin wace ƙungiya ce ta fi ƙarfi sai ya ɗauki wanda aka tsara ya bar kocin na'ura ya zaɓa. Tambayoyi biyu ne daban, kuma gauraya su ne ke haifar da yawancin gardama.

Girman sa'a

A ce an gyara duk wannan. Har yanzu na'ura ba za ta ba da 99, 98, 98 ba, kuma lissafi ya nuna dalili. Ƙungiyar da ainihin ƙarfinta shi ne cin wasa 64 cikin ɗari, idan ta buga 154, gwargwadon kaucewarta daga matsakaici wasa shida ne: a ninka 154 da .64 da .36, ya ba da 35 da rabi, tushensa kusan 6. Ma'ana a kaka biyu cikin uku za ta tsaya tsakanin nasara 93 da 105, a ta ukun kuma za ta fita waje da haka, ba tare da an canza mata ko maɓalli ɗaya ba. Tazara tsakanin ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya tana lilo da fiye da wasa takwas. A gaban wannan, wasa ɗayan da ya raba Cubs da Giants ba komai ba ne. Wagner ma haka: a zuwa 568, gwargwadon kaucewarsa maki 20 ne, don haka .334 ko .374 duk amsa ce ta lafiyayyar na'ura.

Akwai wani abu mai zurfi da yawancin masu kwaikwayo ke tsallakewa. Lambar .354 ita kanta ba ainihin ƙarfin Wagner ba ce, ƙarfinsa ne haɗe da sa'ar wannan shekara. Idan aka ɗauke ta a matsayin ƙarfi aka sake jefa ƙwaya a kanta, an zuba sa'a sau biyu ke nan. Sakamakon shi ne na sama za su yi sama fiye da tarihi, na ƙasa su nutse fiye da tarihi. A kan masu zuwa kaɗan abin ya fi muni. Ɗan benci da ya yi bugu 15 cikin zuwa 40 yana da .375, kocin na'ura kuwa zai ɗauke shi gwani ya sa shi kullum. Magani biyu ne. Ko a ƙayyade masa zuwa kada ya wuce abin da ya yi a zahiri da fiye da kashi goma cikin ɗari, ko a ja lambarsa zuwa tsakiya: a ƙara masa, misali, zuwa 200 na matsakaicin rukuni, wato bugu 48, sai ya zama 63 cikin 240, kusan .262. Na biyun ya fi gaskiya, na farkon ya fi kama da jaridar lokacin.

Idan aka duba makin da aka ci da wanda aka ci ƙungiya, Giants ce ta fi kowa cin maki a National a 1908, kuma bambancin nata ya fi na Cubs, ya kuma fi na Pirates nesa ba kusa ba. Na'ura ba ta san wa ya ɗauki kambi ba, bugu da jifa kawai ta sani. Don haka idan ta riƙa karkata ga Giants, tana faɗin abin da alƙaluman suka faɗa ne.

Abin da ba ya cikin yanayi 24

Ranar 23 ga Satumba, a filin Polo Grounds na Niyok, Giants da Cubs suna 1 da 1 a ƙarshen zagaye na tara, an fitar da mutum biyu. Giants ce ke bugu: Moose McCormick yana zango na uku, Fred Merkle, yaro ɗan shekara 19, yana na farko. Bai kamata ma ya fara wasan ba, mai gurbin, Fred Tenney, ciwon baya ne ya kwantar da shi ranar. Al Bridwell ya yi bugu mai kyau, McCormick ya shigo gida, jama'a suka kwararo fili. Merkle ya juya ya nufi ɗakin canza kaya bai taka zango na biyu ba, kamar yadda 'yan wasa suka saba yi a lokacin. Johnny Evers na Cubs ya samo ƙwallo ya taka zangon, alƙali Hank O'Day ya ce an fitar da Merkle, tunda doka ta wajabta masa taka zangon, kuma da yake shi ne na uku, makin bai shiga ba. Ba ranar Evers ya fara ba: a 4 ga Satumba ya kai wa O'Day irin wannan ƙara a Pittsburgh a kan Warren Gill na Pirates, ba a saurare shi ba, amma maganar ta zauna wa alƙalin. Shugaban rukunin, Harry Pulliam, ya tabbatar da kunnen doki. Da kaka ta ƙare ƙungiyoyin biyu suna 98 da 55, aka sake buga wasan ranar 8 ga Oktoba, Mordecai Brown na Cubs ya karɓi jifa tun a zagayen farko, Cubs ta doke Mathewson da 4 da 2. Da an bar wa Giants wasan farko, ita ce za ta kasance da 99 da 55.

A cikin na'ura, bugu mai kyau da mutum a zango na uku maki ne, shi ke nan. Babu katin da ke ɗauke da al'adar guje wa taron jama'a, ko alƙalin da ya kwana da wata magana mako uku. A rukunin American ma ba ƙwallo ce ta yanke hukunci ita kaɗai ba: Detroit ta fi Cleveland ne da rabin wasa saboda akwai wasanta ɗaya da ruwa ya hana, dokar lokacin kuma ba ta tilasta a rama ba. Na'urar da ke buga wa kowa 154 cif ta riga ta sauka daga layin tarihi tun kafin jifan farko. Wasu abubuwan kuma na'ura za ta iya haifarwa amma da wuya ta maimaita a ranarsu, kamar yadda Harry Coveleski, sabon majefin Philadelphia, ya doke Giants sau uku cikin kwana biyar a ƙarshen kaka, ko wasan 2 ga Oktoba da Joss bai bar ko mutum ɗaya na White Sox ya taka zangon farko ba, alhali Walsh ya fitar da mutum 15 da jifa uku-uku amma ya faɗi da 1 da 0.

To da me za a auna na'urar? A fara da jimillar rukuni, domin a nan sa'a ke wankewa: matsakaicin bugu ya faɗo kusa da .239, maki ƙasa da uku da rabi, homron na rukunonin biyu kada su kai 300, wasannin da majefi ya ƙarasa su kusanci biyu cikin uku, yawan kuskure da sata su yi daidai da littafi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce da fiye da kaso kaɗan, matsalar saiti ce, a koma a gyara kafin a kalli tebur. Bayan nan a duba yawan aikin kowane mutum, zagayen Walsh da zuwan Wagner. Teburin shi ne na ƙarshe, kuma ba a karanta shi daga kaka ɗaya. Kaka ɗari tana ba da ƙimar cin kambi mai lilo da kusan kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, kaka dubu ta rage shi zuwa uku. Kwamfutar gida tana gama dubun yayin da ake shan shayi, mai kati da ƙwayar ludo kuwa wasa 616 na rukuni ɗaya kan ci masa watanni. Daga cikin dubun sai a jera nasarorin kowace ƙungiya daga ƙasa zuwa sama, a ga inda ainihin lambarta ta faɗa. Idan ƙungiya goma ko sha ɗaya cikin sha shida suka faɗa cikin tazarar wasa shida daga matsakaicinsu na na'ura, abin da lissafi ke tsammani ke nan. Idan duka sha shidan suka manne da tarihi a kowace kaka, a bincika manhajar, domin alama ce tana leƙen amsa tana turo sakamako zuwa inda ta san an tsaya a 1908.